Yadda Ciwon Daji Ke Sa Garkuwar Jiki Ta Yi Masa Noma

Duk wanda ya zauna a Agege ko Idi-Araba ko Mil 12 ya san motar masu magani mai lasifika a ka, ya kuma san abin da suka fi tallatawa a 'yan shekarun nan: maganin ƙara ƙarfin garkuwar jiki. Hujjar tana da saurin shiga kai. Garkuwar jiki ce ke kare mutum daga cuta, kansa kuma, wato ciwon daji, cuta ce, to a ƙara wa garkuwa ƙarfi ta gama da ita. Akwai gaskiya a ciki, domin garkuwar jiki tana kashe ƙwayoyin da suka fara lalacewa tun kafin su zama ƙari. Sai dai idan likita ya ciro ƙarin kansa daga maman mace aka sa shi a madubin gwaji, abin da ake gani yana ta da hankali. Ƙarin cike yake da fararen ƙwayoyin jini. A wasu matan, irin da ake kira makurofaj kaɗai kan kai kusan rabin ƙarin. Kuma yawansu a wurin galibi alama ce ta cewa cutar za ta fi yin tsanani. Me suke yi a can, tunda ba kashe kansar suke yi ba?

Amsar tana cikin saƙonnin da ƙwayoyin jiki ke aika wa juna. Wani kaso na waɗannan saƙonni ƙananan furotin ne da masana ke kira saitokin. Ƙwaya ɗaya ta fitar da shi, ya bi ruwan da ke tsakanin nama ko ya faɗa jini, ya je ya manne a wata kafa ta musamman a bayan wata ƙwayar, daga nan umarni ya wuce ciki har cibiyar da ke riƙe da gadon halitta. Umarnin bai wuce 'yan abubuwa ba: hayayyafa, kada ki mutu, taso ki zo nan, kai hari, ko dakata. Yawansu ya haura 100, sunayensu kuma haruffa ne da lambobi, irin su IL-6 da TNF. Ɗaya daga cikin na farko da aka gano shi ne intaferon, wanda Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka bayyana a Landan a 1957.

A ɗauki mahauci a mayankar Oko-Oba, wuƙa ta zame ta yanke shi a tafin hannu. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da fiɗa. Kafin dare wurin ya ɗau zafi, ya kumbura, yana zogi. Makurofaj ɗin da ke zaune a fatar ne suka saki TNF da IL-1, jijiyoyin jini suka buɗe suka fara tsiyayar da ruwa. IL-8 ya kira wasu fararen ƙwayoyin daga cikin jini suka yi wa ƙwayoyin cuta taron dangi. Gawarwakinsu ne mugunyar da zai matse bayan kwana biyu. IL-6 ya tafi hanta ya sa ta fitar da sinadarin CRP, wanda ake aunawa a asibiti don a san ko akwai kumburi a jiki. Idan abin ya yi yawa, saƙon ya kai ƙwaƙwalwa zazzaɓi ya sauka.

Bayan 'yan kwanaki sai maganar ta canza. VEGF ya ce a tsiro da sabbin jijiyoyin jini zuwa wurin. EGF ya ce wa ƙwayoyin fata su hayayyafa, su saki maƙwabtansu su rarrafa su rufe bakin ciwon. TGF-beta ya sa a saƙa tabo, sannan shi da IL-10 su ce wa masu kai hari su janye, aiki ya ƙare. Cikin mako biyu ɓawon ya faɗi, kowa ya yi shiru.

To a sake duba umarnin matakin warkewa: hayayyafa, kada ki mutu, a kawo jijiyoyin jini, rarrafa, masu hari su janye. Babu abin da ƙwayar kansa ke buƙata da ya wuce wannan. Tushen kansa dai lalacewa ce a cikin gadon ƙwaya, a cikin DNA ɗinta, kuma saitokin shi kaɗai ba ya haifar da ita. Amma ƙwayar da ta lalace ita kaɗai ba ta da ƙarfin yin nisa. Abin da take yi shi ne kiran gayya. A ƙauye idan aka kira gayya, matasa kan ɗauko fartanya, mata su kawo fura da tuwo, babu mai tambayar me aka shuka a gonar, tunda kiran ya zo ta hanyar da aka saba. Haka kansa ke yin kira da muryar ciwo mai neman warkewa, jiki kuma ya amsa da iyakar ƙarfinsa. Bambancin kawai, wannan gayyar ba ta watsewa da yamma. Rudolf Virchow, likitan Jamus, ya ga fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙari tun 1863, ya yi zaton kansa na tsirowa ne a inda kumburi ya daɗe. An yi watsi da maganar kusan ƙarni guda. A 1986 Harold Dvorak na Jami'ar Harvard ya dawo da ita, ya bayyana ƙarin kansa a matsayin ciwon da ba ya warkewa.

Inda wannan ya fi shafarmu shi ne hanta, kuma a nan zan daɗe.

Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya na ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. Mafi yawansu ba su sani ba. Babban mutum idan ya kamu, galibi jikinsa kan kore ta cikin watanni. Jariri kuwa idan ya ɗauka lokacin haihuwa, kusan 9 cikin 10 za su zauna da ita har girma. Abin mamaki shi ne ƙwayar cutar da kanta ba ta cika kashe ƙwayoyin hanta ba. Garkuwar jiki ce ke kashe su, a ƙoƙarinta na kawar da mai ɓuya a cikinsu, kuma ba ta taɓa gamawa. Ƙwaya ta mutu, makurofaj ɗin hanta su saki IL-6 da TNF. IL-6 ya kunna wani furotin mai suna STAT3 a cikin ƙwayoyin da suka rage, TNF ya kunna NF-kB, su biyun kuma umarni ɗaya suke bayarwa: ku hayayyafa ku cike gurbi, kada ku mutu. Hanta tana da baiwar sake tsirowa, sai ta bi umarni. Amma kowane rabuwar ƙwaya kwafin DNA ne, kowane kwafi kuma dama ce ta kuskure, ga shi fararen ƙwayoyin jini na feso sinadarai masu ƙona DNA a wurin. A al'ada ƙwayar da gadonta ya lalace tana kashe kanta. A nan ana ta faɗa mata kada ta mutu. Shekara 20, shekara 30 ana haka, TGF-beta na ta saƙa tabo har hanta ta taurare ta tsuke, wata rana sai ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan ta tara kurakuran da suka ishe ta fita daga iko. Ƙwayar cutar ma tana cusa guntun gadonta cikin na ƙwayar hanta, abin da ke ƙara dagula lissafi.

Sai kuma gyaɗa da masara. Idan aka adana su da danshi, kuma kowa ya san danshin rumbunan Legas a damina, fumfuna kan kama su ta saki guba mai suna afalatoksin. Wannan guba tana lalata TP53, ƙwayar gadon da aikinta shi ne ta tilasta wa lalatacciyar ƙwaya ta mutu. Mai ɗauke da cutar hanta B da ke cin irin wannan abinci, haɗarinsa ya ninka na wanda ke da ɗaya daga cikin biyun sau da yawa.

An daɗe da sanin cewa kansar hanta ta fi kama maza, ninki biyu zuwa uku. A 2007 ɗakin binciken Michael Karin a Kalifoniya ya nuna wani ɓangare na dalilin a jikin ɓeraye. Aka ba su sinadari mai jawo kansar hanta. Mazan suka fitar da IL-6 mai yawa suka kamu, matan kuwa sinadarin mata na estirojin ya danne IL-6 ɗin, kaɗan ne suka kamu. Da aka cire IL-6 daga jikin mazan, bambancin ya gushe. Ɓera ba mutum ba ne, amma duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa ɗan shekara 35 ko 40 tashar mota, idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya cika da ruwa, ana kwantar da shi a kujerar baya za a mayar da shi gida Arewa, zai gane nauyin wannan bincike. A zangonninmu sunan da ake ba wannan ciwo shawara, a yi ta jiƙe-jiƙe, alhali sau da yawa abin ya faro ne tun yana ƙaramin yaro.

Labarin iri ɗaya ne a wasu gaɓoɓin. Ƙwayar cutar Helikobakta da ke jawo gyambon ciki tana sa bangon tumbi cikin kumburi na shekaru, IL-1 da IL-8 na ta zuba, wani lokaci a ƙare da kansar tumbi. Tsargiya, da yaran da suka taso a bakin tafki da madatsun ruwa suka sani da fitsarin jini, ƙwayayen tsutsarta kan maƙale a bangon mafitsara, kumburin da ke kewaye da su ya kai ga kansar mafitsara. Ƙwayar cutar da ke jawo kansar Kaposi, wadda ke yawan kama masu HIV, tana ɗauke da nata kwafin IL-6 a cikin gadonta. Ƙididdigar hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna kusan kashi 13 cikin 100 na kansar da aka samu a duniya a 2018 daga ƙwayoyin cuta ne, kuma a Afirka kudu da Sahara kason ya fi haka sosai. Ƙiba ma tana cikin lissafin, don kitsen tumbi yana fitar da IL-6 da TNF a hankali, dare da rana.

Da zarar ƙari ya kafu, sai shi da kansa ya karɓi ragamar aika saƙo. Judah Folkman ya yi bayani a 1971 cewa ƙari ba ya wuce milimita 1 zuwa 2, wato kamar ƙwayar gero, sai ya samu jijiyoyin jini nasa. Tsakiyarsa na fara rasa iskar numfashi sai ya saki VEGF, makurofaj ɗin da ya kira su ƙara sakin wani, jijiyoyi su tsiro su nufo shi. An yi su cikin gaggawa, bangonsu duk kafofi, kuma ta waɗannan kafofi ƙwayoyin kansa za su shiga jini nan gaba.

TGF-beta shi ne ya fi rikita masu bincike. Ga lafiyayyar ƙwaya, saƙonsa na tsayawa ne: daina rabuwa. Saboda haka a farkon al'amari yana hana kansa. Amma kansar da ta yi nisa, kamar wasu na hanji, kan lalata kafar da ke karɓar wannan umarni a jikinta, ko sashen da ke isar da shi, sannan ta shiga fitar da TGF-beta ɗin da yawa. Ita ba ta ji, maƙwabta kuwa suna ji. Ƙwayoyin T, wato fararen ƙwayoyin jini masu kisa, su yi sanyi, masu saƙa tabo su kewaye ƙarin da nama mai tauri da ke hana magani da masu hari shiga. Taurin nan na daga cikin abin da mace ke ji a ƙarƙashin yatsunta idan ta taɓa ƙari a mamanta. A wasu kansar kuma TGF-beta kan sa ƙwayoyin su saki juna su fara tafiya, irin rarrafen da fatar mahaucin nan ta yi.

Yaɗuwa ita ce ke kashe mafi yawan masu kansa, kuma ba a makance take tafiya ba. Masu bincike a Niyok, Jeffrey Pollard da John Condeelis da abokan aikinsu, sun kalli kansar mama a jikin ɓera mai rai suka ga yadda ake yi: ƙwayar kansa ta saki CSF-1 ta jawo makurofaj, makurofaj ya saki EGF ya jawo ƙwayar kansa, suna jan juna har bakin jijiyar jini. Daga nan ina ta nufa? A 1889 Stephen Paget, likitan fiɗa a Landan, ya duba bayanan mata 735 da kansar mama ta kashe, ya ga cutar na zaɓar wasu gaɓoɓi ta bar wasu. Ya ce iri ne ke neman ƙasar da ta dace da shi. Sai a 2001 aka gano wani ɓangare na yadda zaɓen ke faruwa. Huhu da hanta da ɓargo da kaluluwa suna fitar da saitokin mai suna CXCL12, wanda aikinsa na asali shi ne nuna wa fararen ƙwayoyin jini hanya. Ƙwayoyin kansar mama sun mallaki kafar da ke jin wannan kira, CXCR4, sai su bi shi. Waɗannan gaɓoɓi huɗu kuwa su ne inda kansar mama ta fi sauka.

A ƙashi abin ya fi muni. Ƙwayar kansa ta sa a fitar da RANKL, wanda ke ta da ƙwayoyin da ke cin tsohon ƙashi. Ƙashi kuma ma'ajiyar TGF-beta ne. Ana cinsa ana sakin TGF-beta, shi kuma ya ƙara wa kansar kuzari ta nemi a ci wani. Shi ya sa macen da aka taɓa yi wa aikin mama, idan ciwon baya mai hana barci ya kama ta, bai kamata a tsaya shafa man zafi ba. Akwai allurar denosumab da ke toshe RANKL, an amince da ita don wannan matsala tun 2010. Ba ta warkar da kansar, amma tana rage karaya.

Akwai kuma rama. Masu harkar shanu sun san sammore: saniya tana kiwo amma tana zubewa har haƙarƙarinta ya fito. Irin wannan ramar ta shanu a Kenya ce ta ja hankalin Anthony Cerami, har shi da Bruce Beutler suka ware furotin ɗin da ke jawo ta. A 1985 aka tabbatar cewa shi ne dai TNF, wanda ɗakin binciken Lloyd Old ya gano a 1975 a matsayin mai ruɓar da ƙari a jikin ɓera. A jikin mai kansa, TNF da IL-6 da IL-1 suna kashe sha'awar abinci, su sa tsoka da kitse su narke. IL-6 kuma yana sa hanta ta fitar da sinadarin da ke kulle ƙarfen jini a ma'ajiya, jini ya yi ta ƙasa duk da kwalaben maganin ƙarin jini da ake sha. Ina so dangi su ji wannan da kyau. Sau da yawa za ka ga matar mara lafiya a barandar asibiti da kular abinci, ta dama kunun gyaɗa, ta yi farfesun kaza, ya yi cokali biyu ya kau da kai, sannan 'yan dubiya su ce, "Hajiya, ai sai kin riƙa matsa masa." Wasu har su fara zancen sammu. Ita ba ta yi sakaci ba, shi kuma ba taurin kai yake yi ba. Jikin ne aka ba umarnin ya ci kansa, kuma abinci kaɗai ba ya soke wannan umarni.

Mai karatu zai ce, to a toshe saƙonnin mana. An gwada, nasarar kuma gauraye take. Bevacizumab, mai toshe VEGF, ya fito a 2004, yana ƙara wa wasu masu kansar hanji watanni. A 2017 wani gwaji mai suna CANTOS, da aka yi kan masu ciwon zuciya sama da 10,000, ya nuna waɗanda aka ba maganin toshe IL-1 sun fi ƙarancin kamuwa da kansar huhu. Duniyar likitoci ta yi murna. Da aka ba masu kansar huhu da ta riga ta bayyana wannan magani a gwaje-gwajen da suka biyo baya, bai yi abin da ake fata ba. A fahimtata, kumburi ya fi tasiri a shekarun da cutar ke ƙulluwa. Bayan ta kafu tana da hanyoyi da yawa, ka toshe ɗaya ta bi wata.

A ɗaya gefen, akwai saitokin da ke yaƙar kansa da gaske. An amince da IL-2 don kansar ƙoda a 1992. Yana warkar da 'yan kaɗan ƙwarai, amma yana iya jefa mutum cikin hali mai tsanani, ƙarfin bugun jini ya faɗi, huhu ya cika da ruwa, dole sai ƙarƙashin kulawa ta kusa. Intaferon gama, da ƙwayoyin T ke fitarwa yayin kai hari, yana tona asirin ƙwayar kansa, amma shi ne kuma ke sa ta ɗaga wani furotin, PD-L1, da ke kashe wa masu harin gwiwa. Magungunan da ke cire irin wannan birki ne suka sa James Allison da Tasuku Honjo suka samu kyautar Nobel a 2018. Suna aiki a wasu kansar, suna da tsada matuƙa, kuma suna iya sa garkuwa ta juya kan hanji ko huhu ko hantar mai ita.

Wannan shi ne abin da ya sa tallan ƙara ƙarfin garkuwa ke damuna. Wane ɓangare za a ƙara wa ƙarfi, mai kisa ko mai noma wa ƙari? Likitocin da ke da magani na gaske mai ta da garkuwa suna bayar da shi ne da awo da fargaba. Kwalbar da ake sayarwa a bakin tasha ba ta da wannan awo, wasu jiƙe-jiƙen kuma hantar da ke fama suke ƙara wahalarwa. Babbar asarar ita ce lokaci: watannin da ƙari ke ƙarami, ana iya cire shi, sai su tafi a kan kwalba, alhali ga asibitin koyarwa na LUTH a tsakiyar Idi-Araba, da cibiyar kansa da aka buɗe a cikinsa a 2019, inda ake yin gashi da kemo. Haka nan kada wani ya karanta wannan ya ce zai riƙa shan diclofenac ko ibuprofen kullum don kashe kumburi. Waɗannan suna huda tumbi su lalata ƙoda, kuma ba sa taɓa tushen matsalar.

Tushen shi ne abin da ke hura kumburin, kuma da yawansa ana iya kashe shi. Helikobakta tana mutuwa da haɗin magunguna na mako biyu. Tsargiya tana da praziquantel. Ƙwayar HPV mai jawo kansar bakin mahaifa tana da rigakafi, wanda Najeriya ta fara bai wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a Oktoban 2023. Cutar hanta B ana gane ta da ɗigon jini daga yatsa. Wanda aka samu da ita, likita zai duba ko yana buƙatar tenofovir, ƙwaya ɗaya a rana, da ke danne ƙwayar cutar ta rage haɗarin kansa, sannan a riƙa yi masa hoton hanta lokaci-lokaci, a kuma gwada matarsa da 'ya'yansa. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafinta a 1984, kansar hanta a tsakanin yaransu ta ragu ƙwarai. Najeriya ta sa allurar cikin rigakafin yara a 2004, amma ta farko sai an yi ta cikin awa 24 da haihuwa kafin ta yi cikakken aikinta na kare jariri daga ɗauka wurin uwa. Matanmu da yawa a gida suke haihuwa, ko a nan Legas ko idan sun tafi goyon ciki Arewa, kuma ba a fita da jariri sai bayan suna. A lokacin kwana bakwai sun wuce. Maigida ne ya kamata ya shirya wannan tun cikin yana wata bakwai: a gwada uwar, a san asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, a kuma faɗa wa ungozoma da kakar yaro cewa ranar haihuwa za a kai shi.